Ba a Zubar da Mai

Fuska goma sha tara Raƙiya ta yi wa kwalliya a gidan biki a garin Takanamat kafin rana ta take tsaka. Ta amarya ce ta ashirin.

Wata takwas ke nan da ta baro Maraɗi ta buɗe ɗan shago a birnin Tawa, kuma ba da shafa hoda ta fara yin suna ba, da cire ta ne. Matan Adar suna son kwalliyar da zufa ba ta narkarwa, ga shi irin wannan kwalliya ba ta barin ruwan alwala ya taɓa fata. Idan lokacin salla ya yi sai su kama fuska da sabulun wanki su yi ta dirza, fata ta yi ja, bayan kwana uku ƙuraje su feso. Raƙiya ta zo da man aduwa, wanda take saya wurin wasu matan Kalfu masu fasa ƙwallo su tatse. Ɗigo kaɗan take zuba wa mace a tafin hannu, ta murza a busasshiyar fuska, ta goge da tsumma mai ɗumi, sannan ta wanke da sabulu mai laushi. Mai ke ciro mai, haka take gaya musu. Waɗanda suka lizimci abin, baƙaƙen ɗigon da ke toshe musu fatar hanci suka ragu, su kuwa suka kai labari.

Ta haka labarin ya isa kunnen Hajiya Maimuna, uwar amarya, mai sayar da atamfa da turare, wadda matan Takanamat har zuwa Tebaram suke bin bakinta. Ranar da ta zo shagon ba ta zauna ba.

"Bikin Sadiya na farko na," in ji ta. "Akwai ukku bayanshi kahin damina, duk cikin dangi. In aikinki ya yi, naki na. In bai yi ba, ni da kaina zan hwaɗi."

Aikin ya yi. An ɗauki hotuna da hantsi, mata suna ta leƙa wayoyin juna. Sai ladan ya kira azahar, ƙawayen amarya da 'yan uwanta suka yo kan Raƙiya gaba ɗaya, kowa da hannu a miƙe. A shago mace ɗaya take kamawa a lokaci guda. Nan kuwa goma sha tara ne cikin ɗaki mai taga ɗaya, ga amarya tana jira a ƙurya. Ta ce a ba ta kwano. Aka miƙo mata wani farin kwanon sha daga madafa, ta juye kwalbar man duka a ciki, ta yayyaga auduga ta ajiye a gefe, ta shige wurin amarya.

Da ta fito ta ga abin da aka yi. Ba tsoma auduga sau ɗaya suke yi ba. Kowacce ta goge fuska sai ta matse audugar a cikin kwanon, don kada man ya tafi a banza, ta sake tsomawa. Akwai wata mai ƙuraje nunannu a haɓa, ɗaya ya fashe a ƙarƙashin audugar. Akwai mai mura, wadda ta bi gefen hancinta da kyau. Man da ya zo garau kamar zuma ya koma launin ruwan tabki a ƙarshen rani, hoda ta kwanta a ƙasa, kwalli da jan baki suna yawo a sama. Raƙiya ta ɗauke kai, ta tura kwanon bayan ƙyaure da ƙafa, da niyyar in ta idar da salla ta haƙa rami ta binne.

Da ta idar babu kwano. Ta ɗauka wata mai hankali ta riga ta.

Bayan salla aka shigo da abinci, dambu da zogale a manyan tire, an kwarara masa soyayyen mai da albasa har yana sheƙi. Raƙiya ba ta sa komai a ciki ba tun asuba. Ta wanke hannu ta zauna a bakin tire ɗaya tare da mata biyar, ta dunƙula loma, ta ɗago.

Hasken taga ya faɗa kan lomar, sai ta ga tana ƙyalli. Ba ƙyallin mai ba ne. 'Yan ƙananan ɗigo ne masu ruwan zinariya, irin waɗanda ta bi fatar ido goma sha tara da su da safe. Ta kai lomar kusa da hanci. A ƙarƙashin albasa da yaji akwai ƙamshin fure na hodar da take shafawa. Ta sauke hannu a hankali ta tona gefenta na tiren da yatsa, sai ga wani baƙin abu a lanƙwashe cikin ganyen zogale, kamar ƙafafun gizo-gizo a jere. Gashin ido ne na kanti, da ɗankonsa. Ita ta manna shi da hannunta.

Ta damƙe shi a tafi, ta ce za ta kewaya, ta fita.

Madafar tana bayan gida, murhu shida a jere a gindin katanga. Farin kwanon yana kife a kan turmi, an wanke shi tas. A kan danga an shanya wani kallabi, tsakiyarsa ta yi dabbare-dabbare da ja da baƙi. Wata tsohuwa siririya tana zaune a kujera 'yar tsugune tana kankare tukunya. Gwaggo Kadidiya ce, yayar Alhaji uban amarya, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, kuma ita ke riƙe da girkin kowane biki a gidan.

"Sannu da aiki, Gwaggo."

"Yawwa, ɗiyata. Ke ce mai hentin huska?"

"Ni ce. Gwaggo, man da ke cikin wancan kwano fa?"

Tsohuwar ta ajiye cokali, fuskarta ta washe.

"Ai Allah ya kai ni. Na shiga ɗaukar tabarma na ishe shi bayan ƙyaure, kaji na shirin hwaɗa mai. Man aduwa! Ku 'yan zamani ba ku san abin da anka sha kahin a cika kwano guda ba. Namu ya ƙare ana tsakar zuba ma dambu, sai ga wanga."

"Gwaggo, fuska aka goge da shi."

"Na sani mana. Na gane su suna yi."

Raƙiya ta juya ta dubi kallabin da ke kan danga.

"Huska ta, ba ƙahwa ba," in ji Gwaggo. "Huskar da aka kai ma Ubangiji sau biyar a yini. Kuma na tace shi da kallabina har sau biyu, na ɗora bisa wuta da albasa. Mi ya rage? Na gindin kwanon ma ban bari ba, da yatsa na kalace shi. Gidan ga ba a zubda mai."

Raƙiya ta ce Allah ya ba da lada, ta juya.

Ta sami Hajiya Maimuna a ɗakinta tana rarraba goro a faranti. Ta rufe ƙofa, ta buɗe tafinta, ta faɗi abin da ya faru ba tare da ta rage nata laifin ba. Hajiya ta dubi gashin idon kamar yadda take duban atamfar da aka ce mata ta Holan ce alhali ba ita ba ce.

"Wa ya sani?"

"Ni da Gwaggo."

Hajiya ta leƙa taga ta tambayi wata mata tire nawa aka fitar zaure. Aka ce huɗu, biyu na dangin ango da suka zo daga Tebaram, kuma har an fara maido da su, an suɗe.

"Hajiya, a janye na mata ko da," in ji Raƙiya. "A ce gishiri ya yi yawa."

"Maza sun cinye huɗu ba su ji gishiri ba, mata ne za su ji?" Hajiya ta rufe farantin goron. "Saurara, ɗiyata. Tsohuwar can ita ta ɗauki Alhaji a bayanta. Babu bakin da zai kama sunanta garin ga, ko nawa. In zancen ga ya hita, ba za a ce Gwaggo ba. Cewa za a yi mai kwalliyar Maraɗi ta ciyar da surukan Sadiya dauɗar huska. Daga nan har Tawa ba wadda za ta ƙara zama gabanki."

Kafin Raƙiya ta amsa, dariya ta tashi a ɗakin ƙawaye. Suka fito tare.

Ramla ce, babbar ƙawar amarya, ɗalibar jami'a mai baki kamar reza. Ta ɗaga hannunta cikin hasken taga tana juya shi, yatsun suna walƙiya.

"Tanti Maimuna, dambun naku ma kwalliyar makiyaj anka yi mai? Ku duba, wallahi ya hi Habi kyau!"

"Uwaki," in ji Habi, mai ƙurajen nan, tana dariya da loma a baki.

Amma dariyar ba ta daɗe ba. Wata ta dubi nata hannun. Wata ta sunkuya ta shinshina tiren. Hannaye suka fara tsayawa ɗaya bayan ɗaya, idanu suka koma kan Raƙiya, ita da ta san kayanta.

Hajiya Maimuna ba ta yi sauri ba. Ta gyara zani ta zauna a bakin tiren, ta nannaɗe hannun riga.

"Ƙazamai," in ji ta. "Kun kwashe hoda da hannu, kun ɗauraye da ruwa kamar kaji, kun zo kuna zuba ma mutane cikin abinci. Ke Ramla, karatun naki bai kai ga sabulu ba?"

Ta dunƙula loma babba ta kai baki, ta tauna, ta haɗiye, fuskarta ba ta motsa ba. Sannan ta matsa gefe ta buga tabarma da tafi.

"Madam, tun sahe kina tsaye. Ke kin san abin ga, in da cuta ai ba ki ci. Bisimilla."

Raƙiya ta zauna. Gashin idon yana hannunta na hagu, ta cusa shi ƙarƙashin cinya. Daidai gabanta Habi ce, haɓarta a wanke, gurbin ƙurjin da ya fashe ya yi ja yana ɗan tsattsafo ruwa. Raƙiya ta mai da idonta kan tire. Ta nemi gefen da man bai jiƙa sosai ba, babu. Gwaggo ba ta yi rowa ba.

Loma ta farko ba ta tauna ba, ta tura ta da ruwa. Ta biyu ta tsaya mata a wuya, ƙamshin furen ya biyo ta hanci, sai da ta danne harshe da haƙori. Hajiya tana kallonta, Ramla ma haka. Ta uku ta tauna a hankali, yadda kowa zai gani, wani abu mai laushi kamar zaren auduga ya naɗe mata a dasashi, ta haɗiye da shi.

"Ya yi daɗi," in ji ta.

Ramla ta ɗaga kafaɗa ta miƙe neman sabulu. Sauran suka mai da hannu. Kafin la'asar an suɗe tiren.

Da yamma Raƙiya ta sake yi wa fuska ashirin kwalliyar kai amarya. Da ta zo kan Habi ta ɗauki sabon soso, ta gama, ta jefa shi a murhu.

Motar da za ta mai da ita Tawa tana ƙofar gida tun rana ba ta faɗi ba. Hajiya Maimuna ta rako ta har zaure, abin da ba ta yi wa kowa ba ranar.

"Biki na gaba, na Samira, sati ukku ya rage," in ji ta. "In aiko mota ranar Alhamis."

"Allah ya kai mu, Hajiya."

Sai ga Gwaggo Kadidiya ta biyo su da ƙulli a leda, mai yana nasowa ta gindinsa.

"Ga na hanya, ɗiyata. Kuma bikin Samira ki taho da man nan da yawa. Baƙin Tebaram sun aiko tambaya wa ya yi dambun."

Raƙiya ta karɓa da hannu biyu.

"Kwalba biyu zan kawo, Gwaggo. Ɗaya taki ce, a rufe, ba mai taɓa ta. Ɗayar kuma ba ta barin hannuna."

"Ke dai kawo," in ji tsohuwar.

Sai da suka wuce gonakin ƙarshe na garin ta ce wa direba ya tsaya. Ta sauka ta zaga bayan wata aduwa, ta daɗe. Da ta dawo babu ledar a hannunta, ta kurkure baki da ruwan gora, ta shiga ta ja ƙofa.

"Lahiya, Madam?" in ji direba.

"Lafiya. Mu tafi."