Mabuɗin Yaya Sahabi

Fayilolin saiti uku ne a kwamfutar Harisu, kuma da layi ɗaya na umarni yake sauya su. In ya rubuta "aiki", manhajar da ke kai da kawo masa ƙunshin shirye-shirye sai ta nufi rumbun intanet na kamfanin da yake yi wa aiki daga shagonsa na Illela. In ya rubuta "albasa", ta koma na ƙungiyar manoman Lafani. Na ukun sunansa "yaya".

Wannan rumbun wansa ne, Sahabi, wanda ya koya masa sana'ar. Shekara uku ke nan ba sa magana. Ranar da Sahabi zai tsallaka Konni ya wuce Yamai da zama, bakin Harisu ya kuɓuce, ya ce masa ya yar da Inna saboda aiki. Ai kuwa shi ke nan, ko gaisuwar Sallah.

Amma mabuɗin shiga rumbun da Sahabi ya sa masa a fayil ɗin bai soke ba. Duk Juma'a bayan masallaci Harisu zai sauya zuwa "yaya", ya tambayi rumbun ko ya san shi. Sunansa shi Harisu ya fito a baƙin allo, ya zauna yana kallo. Kewar ɗan'uwansa na cinsa, wallahi, sai dai girman kai ya hana shi ɗaga waya.

Wata Juma'a manoman suka matsa masa da kira. Cikin gaggawa, ya manta bai sauya ba, ya tura aikin albasa ɗungurungum cikin rumbun Sahabi. Gogan naka sai zufa! Yanzu Yaya zai gane ana leƙa masa ɗaki, kuma soke mabuɗi aikin daƙiƙa ɗaya ne.

Kwana biyu ya kasa dubawa. Na'ima matarsa ta tambaye shi mi ya same shi, ya ce zafi ne.

Ran Litinin ya daure ya sauya. Sunansa ya fito. Ƙunshin nan na albasa har an yi masa sabon zubi, an gyara kurakurai biyu, an bar rubutu a ƙasa:

"Duk Juma'a ina ganin shigowarka. Wa'adin mabuɗin wata uku-uku ne, ni nake sabunta shi. Yaya ƙafar Inna?"

Harisu ya rufe shagon tun azahar ba ta yi ba, ya tafi gida ya tambayo Inna.