Allon da Ba Ya Nuna Rubutun Baba

Yaya Veikko ne ya turo min bidiyon ranar Talata, ina tsakiyar aiki a birnin Tampere. Minti shida ne. Babanmu Aulis yana zaune a kicin ɗin gidansa na bakin tafki, kofi a gefe, yatsunsa na ta gudu a kan madannan kwamfuta. Allon kuwa baƙi ƙirin, ko harafi ɗaya ba ya fitowa. Shi ma ba allon yake kallo ba, taga yake kallo yana ɗan murmushi.

"Kin gani ko?" in ji Yaya da na kira shi. "Kullum da safe haka yake yi. In na tambaye shi me yake rubutawa, sai ya ce ina ruwana. Tuulikki, ruɗin tsufa ne. Ranar Juma'a ma'aikaciyar lafiya za ta zo duba shi, kuma akwai ɗaki a gidan tsofaffi na garin Kajaani."

Yaya direban bas ne, mutumin kirki, amma in ya yanke shawara ba ya jin birki. Ni kuwa na san in aka raba Baba da tafkin nan an gama da shi. Na yi kuka a bayin ofis, na wanke fuska, na sayi tikitin jirgin ƙasa.

Shekara talatin da huɗu Baba ya yi a kamfanin takarda yana rubuta manhajojin da ke juya injuna. A cinyarsa na koyi sana'ar. Shi ya fara gaya min cewa manhaja ba ta taɓa na'ura da hannunta. In tana son ta buɗe fayil, ko ta kunna famfo, ko ta canja halin allo, sai ta roƙi babbar manhajar da ke riƙe da kwamfutar gaba ɗaya ta yi mata. Dokarsa kuma ɗaya ce, har na gaji da jin ta: duk abin da ka roƙa aka canja maka, ka roƙa a mayar da shi yadda yake kafin ka fita. Ko sauna, ɗakin wankan tururi, muka shiga, sai mun tara wa na baya itace yake bari mu tafi.

Sanyin bara bututun gidansa ya daskare ya fashe. Na rubuta masa wata 'yar manhaja mai kula da famfo da na'urar ɗumama bututu, na tuƙa mota awa shida cikin ƙanƙara na je na saka masa a tsohuwar kwamfutarsa mara hoto, mai rubutu zalla. Ranar kaina ya kumbura ba kaɗan ba. Ya karanta aikin daga sama har ƙasa ya ce, "Ba laifi." A gidanmu wannan babban yabo ne.

Ranar Alhamis da na isa bai ce komai a kan ma'aikaciyar ba. Ya dafa dankali da kifi, ya yi min ƙorafin na rame. Safiyar Juma'a, ƙarfe bakwai, na ja kujera na zauna bayansa. Yaya na tsaye jikin ƙofa da takardun gidan tsofaffi a hannu.

"Yau 'yan kallo na samu?" in ji Baba. "Da kun faɗa da na taje gemu."

Ya kunna manhajata. Ta nemi kalmar sirri, ya buga. Ta nuna masa famfo lafiya, bututu da ɗumi. Ya rufe ta. Daga nan ya ci gaba da bugawa, allon ya yi shiru, babu abin da ke fitowa.

Nan take na gane. Kafin manhaja ta karɓi kalmar sirri, takan roƙi a daina nuna abin da ake bugawa, kada na kusa ya gani. In ta gama sai ta roƙi a dawo da nunawa. Ni na rubuta roƙon farko, na manta na biyu. Kwamfutar na jin duk abin da Baba ke bugawa, nunawa ce kawai ba ta yi. Dokar da aka raine ni a kanta, ita na taka.

"Baba, tun yaushe take yin haka?"

"Wa?"

"Kada ka raina min hankali, Baba."

Ya kurɓi kofi. "Tun ranar da kika tafi."

"Wata goma sha ɗaya? Ai kalma biyu za ka buga allon ya dawo. Kai ka koya min su."

"Na yi ta bugawa da farko. Daga baya na ga rubutu ya fi daɗi in mutum ba ya ganin sa. Ba ka tsayawa gyare-gyare."

Yaya ya matso. "Ni fa ba na gane yarenku. Yana rubuta wani abu ne ko ba ya rubutawa?"

Na miƙa hannu ta kafaɗar Baba na buga kalmomin nan biyu, allon ya farfaɗo. Na tambaye shi sunan fayil ɗin. Ya yi kamar bai ji ba, sai da na sake tambaya ya faɗa yana ƙunƙuni.

Shafi ya fi ɗari biyu. Kowace rana da kwanan watanta: kaurin ƙanƙarar tafki, maganin da ya sha da lokacinsa, ranar da agwagin ruwa suka dawo. Har da ranar da Yaya ya ɗauke shi bidiyo: "Veikko ya laɓe bayan firji yana ɗauka ta. Ya ɗauka ban gan shi ba. Tumbinsa ya fito ta gefe." Yaya ya shafa cikinsa, kunnuwansa suka yi ja.

Na koma shafin farko, na karanta a fili kafin in san abin da ke ciki.

"Tuulikki ta manta ta mayar da allo. Layi ɗaya ne. Na ga fuskarta lokacin da famfo ya tashi, irin ta ranar da ta fara tuƙa keke. Ba zan gaya mata ba."

Na juyo na dube shi. Tausayinsa da haushinsa suka taru suka kama ni.

"Baba, saura ƙiris a kai ka gidan tsofaffi saboda layi ɗaya. Me ya hana ka gaya wa Yaya?"

"Veikko ba ya riƙe magana. Da kafin la'asar kin ji."

Yaya ya juya takardun hannunsa, ya buɗe murhu ya cusa su. "In matar nan ta zo, a ba ta kofi ta duba hawan jininsa," ya ce. "Nawa ma ta duba." Ya fita wai zai faso itace, alhali rumbun itacen cike yake.

Na ce bari in gyara yanzu, minti ɗaya ne. Baba ya dafe madannan da tafin hannunsa.

"Ki bar min kayana. Kullum da safe in allon ya yi shiru, nakan ce ga Tuulikki nan ta zo wucewa."

A gidanmu ba a iya irin wannan magana baki da baki ba, ni ma ban iya ba. Na janye hannunsa, na kunna manhajata na rufe ta, allon ya sake yin shiru. Na buɗe fayil ɗinsa na buga abin da ban taɓa gaya masa ba tun ina yarinya, layi uku, ba na ganin ko harafi. Shi kuma ya juya yana kallon tafki.

Da na gama ya ja hanci, bai juyo ba.

"Kin tsallake harafi ɗaya a layi na biyu," ya ce. "Na ji a kunnena. Bar shi haka, na gane."