Bargon Filibus

"Ba zan ƙona ba," in ji Baba Apollos. "Ka faɗi wani magani."

Ina jin su ta zanar da ta raba gidajenmu a Dubeli. Malamin dabbobi ne ya zo a keke, ya tsaya nesa da Duna, karen tsohon. Dunan ma suna kawai ya rage. Baƙin gashin duk ya zube, fatar ta yi kaushi, gefen kunnuwa da gwiwoyi sai ɓawo da jini.

"Baba, ƙazuwa ce," in ji malamin. "Wasu ƙwari ne da ido ba ya gani, suke shiga cikin fata. Baƙin man motar da kake shafa masa ƙona shi kawai yake yi. Ka yi masa wanka, ka kwaɓa farar wuta da man kaɗanya ka riƙa shafawa. Amma muddin yana kwanciya a bargon can, yau ya warke, gobe ta dawo."

Bargon na Filibus ne, ɗansa tilo, wanda ya shiga soja ya bar wa uban kare. An gama yaƙi, 'ya'yan mutane sun yi ta sauka a tashar Jimeta da akwatunansu, amma Filibus ba shi, ba labarinsa. Tsohon ya bar bargon a shimfiɗe a ɗakin yaron, kare kuwa ya mai da shi wurin kwana.

Ni ba na son kare, ban kuma taɓa ɓoyewa ba. Da yaran unguwa suka fara susa, mata suka yi ca a kan mai unguwa, shi kuma ya yanke magana: in Duna bai warke ba kafin damina ta faɗi, duba-gari zai zo da guba. Na ji tausayin tsohon, don bayan karen nan ba mai jiransa a gida.

Tsohon ya yi ta yi wa karen wanka da shafe-shafe. Gashi ya ɗan tsiro, ya sake zubewa. Shi kansa ya rame, wuyan hannunsa duk ƙuraje.

Wata rana da la'asar na kai masa kunu, na ce, "Baba, bargo ne fa kawai."

"Asta, ka zo," ya ce. Shi kowa "ka" ne a bakinsa. "Ka taɓa."

Tun safe Duna na ɗaure a gindin darbejiya, na gani da idona. Na bi tsohon ɗakin Filibus; ba taga, rana ba ta shigarsa. Na sa hannu. Tsakiyar bargon ya loɓa, kuma da ɗumi, irin na wurin da mutum ya tashi yanzu-yanzu. Tsikar jikina ta tashi.

"Kullum war haka," in ji shi. "In na ƙona, a ina zai zauna?"

Ko kwanona ban ɗauka ba na fito.

Ranar da hadari ya fara haɗuwa ta wajen kogi, na ji ƙaurin ulu ina tsakar daka. Na leƙa. Ga shi durƙushe a tsakar gida yana juya bargon a wuta da sanda, hawaye na bin gemunsa.

"Shi ya ce in kula masa da kare," ya ce, bai ɗago ba. "Bai ce bargo ba."

Bai yi mako ba bayan wannan. Da hantsi na same shi a kujerarsa, kwanon farar wuta a cinya, ya riga ya yi sanyi. Mutanen cocinsu suka zo suka ɗauke shi, suka rufe ɗakunan. Na yi kuka fiye da yadda na zata.

Duna ya warke sarai. Duba-gari ya zo, ya zagaya shi, ya hau kekensa. Ba wanda ya ɗauki karen, sai ni da nake jefa masa ƙanzo ta saman zana.

Wata azahar na ɗaga kwano zan zuba, sai na tsaya. Duna na tsaye shi kaɗai a tsakar gidan, gashinsa baƙi wuluk. Ya karkata kai, ya lumshe ido, ya miƙa wuya gefe yana kaɗa jela a hankali. Gashin bayan kunnensa yana kwantawa yana tashi kamar ana shafa shi, ga ganyen darbejiya ko motsi ba ya yi.