Malam Husaini Ya Ƙi Ƙona Daji

Shekara goma sha ɗaya Malam Husaini ya yi yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito da ke titin Wendover, can a ƙasar Turawa, har bayansa ya fara ciwo. 'Yarsa Ilham ce ta sa sunansa a wani kwas na kula da daji. Shi mutumin Daura ne, ya tashi yana dasa darbejiya yana kewaye ta da ƙaya saboda awaki, don haka da ya ji maganar itatuwa ce bai yi musu ba.

Sati uku komai lafiya lau. Sun koyi auna kaurin itace, sun saba da hular kwano. A sati na huɗu malaminsu, wani dogo mai suna Israel, ya kai su wani daji a bayan garin Pleasant Garden, ya goya wa kowa tankin feshin ruwa, ya ce yau za a ƙona wurin.

Malam Husaini ya juya wurin Mashud, mutumin zangon Kumasi da suke zama benci ɗaya. "Turancina ne ya gaza, ko cewa ya yi a ƙona?"

"Ei, Baba, ƙonawa ya ce. Wai in wuta ta cinye busasshen ganyen ƙasa, itatuwan sun fi lafiya."

"Gyara muka zo koya ko ɓarna?"

Israel ya ɗauki wani gwangwani mai ɗigar da wuta, ya bi gefen dajin yana kunnawa. Malam Husaini ya bi bayansa a hankali yana fesa ruwa. Da Israel ya kai ƙarshe ya waiwayo, ko hayaƙi babu. Ya taɓa ƙasa, ya ce akwai laima, ya sake. A karo na uku ne ya juyo ba zato, suka haɗa ido, ruwa na ɗiga daga bakin tiyo.

"Mista Husaini, me kake yi?"

"Kashe gobara."

"Ni na kunna ta!"

"Na gani. Ban gaya wa kowa ba."

Israel ya yi bayani da baki, ya yi da zane a ƙasa, ya sa Mashud ya fassara. Malam Husaini ya ce ya fahimta sarai, amma ba a gabansa ba. Da rana ta take, Israel ya gaji, ya ja igiya ya ware masa wani yanki. Ya ce wannan nasa ne, ya yi yadda ya ga dama, sauran kuwa a bar shi ya ƙone.

Tun daga ranar, duk Asabar Malam Husaini sai ya cika but ɗin motarsa da jarkokin ruwa ya je ya yi wa yankinsa ban-ruwa, har ranar da ake ruwan sama, yana riƙe da laima.

Bayan wata huɗu 'yan ajin suka koma dajin gaba ɗaya. Inda aka ƙona ya yi kore shar, ga furanni, tsuntsaye sai shawagi suke. Nasa kuwa ya zama sarƙaƙiya, mutum ba ya iya sa ƙafa. Ya kutsa duk da haka don kada a ce, ya fito da kaska bakwai a ƙwauri, takalmi ɗaya ya maƙale a ciki.

Ya tsaya da ƙafa ɗaya yana kallon inda aka ƙona. Can ya ce, "Israel, miƙo gwangwanin nan."

Israel ya ce sai lokaci ya zagayo, sai an samo izini, sai an duba iska. Malam Husaini ya jira, ya ƙone yankin da hannunsa, kuma shi ya zo na ɗaya a jarrabawa. An ɗauke shi aiki a wannan watan.

Yanzu damuwar jama'a daban ce. Duk inda ya ga busasshiyar ciyawa sai ya tsaya ya lashi yatsa ya ɗaga sama yana auna iska. Ranar wata Juma'a ya tare liman bayan salla, ya nuna filin da ke bayan masallaci.

"Malam, wurin nan na neman wuta."

Liman ya ce za a duba. Kafin la'asar kwamitin masallaci ya zauna, aka karɓe masa aikin gasa nama da ya saba yi ranar Sallah, aka mai da shi kan rabon ruwan sanyi.