Kibiya Ɗaya Tsakanin Bodinga da Shagari

Ni Atika ba ni da mantuwa, kuma ban taɓa ce wa kowa ina da haƙuri ba. Abin da Mijinyawa ya yi wa babana, ko daga barci aka tashe ni zan faɗe shi daki-daki.

Babana, Malam Arzika, shi ne magatakardan ƙungiyar manoman albasa a Shagari tun zamanin jamhuriya ta biyu, bai taɓa ɓatar da sunan kowa ba. Sai ƙungiya ta kawo kwamfuta. Babbar tana ofishin Bodinga a gaban Mijinyawa, magatakardan can, sunayen masu karɓar iri da taki duk suna cikinta. Tamu ta Shagari leƙe kawai ta iya: hoton allon Bodinga take jawo mana. Sabis ɗinmu kuwa, wayyo! Hoton yakan sauko daga sama kaɗan-kaɗan, ka sha fura ka wanke ƙwarya bai gama ba. Kibiyar da ake nuni da ita a allon ɗaya ce, mu da su, shi ya sa aka kafa doka: mai son aiki sai ya buga waya ya ji ko ɗayan yana kai.

A shekarar da taki ya yi wuya, sunayen manoma goma sha ɗaya na ƙauyen Horo Birni suka ɓace. Mijinyawa ya miƙe a gaban taro ya ce tsoho ne ya danna kafin hoto ya sauko, ko kuwa da gangan ya yi, Allah masani. Aka sallami babana. Ya zare alƙalamin da ke aljihun rigarsa ya jefa a kwando, ya daina fita majalisa. Ga idanunsa sun fara hazo.

Ni aka ɗauka a madadinsa, don babu wanda ya iya na'urar sai ni. Na karɓa da murmushi, zuciyata kuwa kamar garwashi.

Wata rana da hantsi Mijinyawa ya bugo, na ce na sauka daga kan allo. Na danna rufewa, amma nawar sabis ta hana allon rufuwa. Ina zaune sai na ga kibiya tana tafiya da kanta. Ta cire suna, ta sa na ɗan ƙanensa. Ashe! Ɓarawon bai san ana ganinsa ba, maganar waya kawai yake yarda da ita.

Ban gaya wa kowa ba. Wa zai yarda da ɗiyar wanda aka kora? Na haɗiye abina har rabon iri ya matso. Ranar na roƙi Alhaji Ummaru, shugaban ƙungiya, ya zo ya duba sunaye, na aika wa Lawali na Horo Birni, ɗaya daga cikin waɗanda aka cuta. Babana kuwa da kuka na fito da shi daga ɗaki.

Suna zaune a kan benci wayata ta yi ƙara.

"Atika, kina kai?" in ji Mijinyawa.

"Ina fa! Yau ko ɗigon sabis babu."

Alhaji ya harare ni. "Ke ɗiya, mi ya kawo ƙarya?"

"Ranka ya daɗe, ka dubi allo."

Yau nawar nan da na sha zaginta ta yi mini rana. Kibiya ta rarrafa, ta tsaya kan wani suna, ya yi shuɗi, ya jima a haka har kowa ya karanta, sannan ya ɓace. Ina karantawa da ƙarfi saboda babana. Na biyu. Na uku. Na huɗu sunan Lawali ne.

"La'ilaha illallahu! Ga ni zaune ana goge ni?" Lawali ya miƙe har hularsa ta faɗi.

Alhaji ya ciro waya zai kira Bodinga, na ce ya yi mini arziki ya dakata. Na kama linzamin kwamfuta na ja kibiyar. Mijinyawa ya ja, na fizge. A gurbin da ya goge na rubuta, harafi na bin harafi a hankali: Malam Arzika na gaishe ka. Alhaji Ummaru na kallo.

Kibiyar ta tsaya cak. Wallahi na ji daɗi, kuma ban ji tausayinsa ko ƙwayar gero ba.

Alhaji ya sauko daga benci ya durƙusa a gaban babana. "Malam, mun zalunce ka. Ka yafe muna."

Babana ya laluba ya kama hannuna.

"Atika, sun gani da idonsu?"

"Sun gani, Baba."

Ya shafa aljihun rigarsa.

"To, ara mini alƙalaminki."