Tsokar da ke Firiza

Kafin a fara mini maganin kansa, likita ta yanki 'yar tsoka daga jakar ƙwaina ta daskarar da ita. Ta ce maganin zai ƙone sauran, wannan kaɗai za a dasa mini idan na warke, ko Allah zai sa in haihu.

Na warke. Sai Umma ta zo daga Kano jinya, ta sauka wurinmu a unguwar Wangsa Maju, a ƙasar wajen da muke zaune, ta ji labari.

"Naman jikinki a firizar mutane?" ta ce. "Mu ko cibiya binnewa muke yi. Shi mijin naki wane aiki kika ce yana yi?"

Matsalar ke nan. Munzali digiri na uku yake yi, kuma bincikensa dashen irin wannan tsoka ne a jikin birrai. Asibitina daban, ɗakin gwajinsu daban, amma bakin Umma ya haɗe su. Ni ma na fara lissafi. Shi ya zaɓi asibitin. Shi ya cike takardun ina kwance. Kullum na ce yaushe za a dasa, sai ya ce, "Ki bari tukuna, Najiba, results nake jira." Rannan na leƙa wayarsa na ga hoton wata birinya da ɗinki a mara, daidai inda nawa yake. Raina ya ɓaci, na kasa tambayarsa.

Ranar Talata ni da Umma muka hau jirgin ƙasa zuwa asibitin ba da saninsa ba. Dama Umma ce ta ce in gwada su: in tsokar tana nan, su ba ni. Likita ta yi ta roƙona, na kafe. Na sa hannu, aka miƙo 'yar kwalba da sunana a jiki, cikakkiya, ba wanda ya taɓa ta. Kafin mu isa gida ta narke. Umma ta naɗe ta a farin ƙyalle, muka binne a gindin bishiyar mangwaro bayan bene.

Da la'asar Munzali ya shigo da ledar abinci yana dariya, har ya manta bai gaida Umma ba.

"Birinyar nan ta haihu," ya ce. "Abin da nake jira ke nan, ba na son a taɓa ki sai na gani da idona. Gobe mu je a sa ranar dasa taki."

Na dubi hannuna. Ƙasar ba ta gama fita daga faratana ba.