Facin Kafaɗar Hagu

A layinsu ba a ce mata tela. Wanda ya kuskura ya faɗa, sai ta sauke tabarau kan hanci ta dube shi har ya gyara bakinsa. Mai Kayan Da ake kiranta, don ita ba ta ɗinkin yayi, sai irin tufafin da ba a ganinsu sai a tsohon hoto. Da sha'awa ta fara bayan ta ajiye aikin ofis, tana ɗinkawa tana ratayewa, har maigidanta ya rasa ƙusar da zai rataya hularsa. Daga baya masu wasan kwaikwayo suka gano ta, sai makarantu, sai matan da ke son hoto cikin shigar kakanni. Kai kuwa ya fara kumbura.

Wata rana shugabar wata makarantar 'yan mata ta kawo mata hoto, ya yi jawur don tsufa. Kakarta ce a ciki, wadda ta kafa makarantar, tsaye ƙiƙam cikin doguwar riga. Ɗalibai za su yi wasa a kan rayuwarta, ana son rigar sak.

Mai Kayan Da ta ɗora madubin ƙara girma a kan hoton. A kafaɗar hagu ta hango wani ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu, ya fi rigar duhu, an zagaye shi da ɗinki.

"Malama, kin ga wannan?" ta ce, tana ƙwanƙwasa hoton da farce. "Alamar matan da suka yi karatu ce a wancan zamanin. Ba kowace mace ke sa ta ba."

A ina ta karanta haka? Ko a bayan kwalin ashana ba ta taɓa gani ba. Nan take maganar ta faɗo mata, ta ji ta yi daɗi a baki, kafin la'asar ita kanta ta yarda da ita. Shugaba ta tafi tana share ƙwalla don alfahari.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Amma ina! Duk wadda ta shigo awo sai ta sha labarin alamar masu karatu. Matar mai kemis ta ce a sa mata. Mai gyaran gashi ta ce ita ma ai ta gama firamare. Cikin wata guda riguna shida suka fita daga ɗakin nan da ɗan ƙyalle a kafaɗar hagu, an zagaye kowanne da zare mai sheƙi.

Ranar karɓar riga, shugaba ta zo da gwaggonta, autar matar da ke cikin hoton, tsohuwa tukuf mai dogara sanda. Aka yi sa'a, ko rashin sa'a, matar mai kemis na zaune cikin tata rigar, ta kawo a rage mata tsawo.

Mai Kayan Da ta baza rigar a kan tebur, ta fara karatunta. Da ta iso kafaɗa, muryarta har wani lanƙwasa take yi.

Gwaggo ta matso da fuska har hancinta na taɓa yadin. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Aka ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, har sandarta ta faɗi.

"'Yar nan, wa ya gaya miki wannan tatsuniyar? Faci ne! Ni na ƙona rigar! Ina da shekara tara, ranar da mai hoto zai zo, aka ce in goge ta. Na tafi leƙen akwatin mai hoto, na bar dutsen guga na gawayi zaune a kafaɗa. Ita ke nan rigar fitar Innarmu. Ta yanko gefen tsohon labule ta toshe ramin. Wannan kunnen nawa har yau bai manta ba."

 Matar mai kemis ta jawo mayafi a hankali ta rufe kafaɗarta.

Mai Kayan Da ta ji zafi ya taso mata daga wuya har tsakar ka. Wata sabuwar ƙarya ta zo mata har bakin haƙora: ai a wasu wuraren ana yi. Ta dubi tsohuwar, ta haɗiye.

"Gwaggo, ban karanta a ko'ina ba," ta ce da ƙasan murya. "Ni na ƙirƙira."

Ta ɗauko reza za ta farke facin, Gwaggo ta riƙe mata hannu.

"Bar shi, ai da shi aka yi hoton. Amma ɗinkinki ya yi kyau da yawa. Innarmu cikin fushi ta yi nata, manya-manya, a karkace. Warware ki sake."

Haka ta zauna a gabansu, ita da ba ta yarda zare ya kauce ko da ƙwayar gero, tana ɗinki irin na mai koyo, Gwaggo na cewa, "Ƙara karkatawa. Yauwa."

Da suka tafi, ta cire facin rigar matar mai kemis. Saura gida biyar. Ta sa reza a jaka, ta yafa mayafi.

"Ina zuwa da rana tsaka haka, shehiyar tarihi?" in ji maigidanta, wanda ya ji komai daga falo.

Ta fice abinta. A bakin layi ta yi kiciɓis da wasu mata biyu da ba ta taɓa yi wa ɗinki ba, kowace da ɗan ƙyalle a kafaɗar hagu, aikin wani telan daban. Ɗayar ta dafa nata tana murmushi.

"Mama, kin gani? An ce ke kika tono mana shi."

Mai Kayan Da ta dubi jakarta, ta dubi layin da ya miƙe har kasuwa.

"Ku ɗan tsaya, 'yan uwa," ta ce, idonta a ƙasa. "Akwai maganar wani labule."